Yaro ya kasa taka ƙafa, kada ku wuce kwana 14

Har yanzu ana kawo mana yaran da ƙafarsu ta saki bayan wata guda ko wata biyu. In aka tambaya, amsar ɗaya ce: an ce Inna ce ta sha shi, an kai shi ƙauye an yi turare, an yi tsaga, an shafa mai. Iyaye, ba wanda ya ce ba ku son 'ya'yanku, mun ga yadda kuke ɗawainiya. Amma wannan jinkirin yana ɓata mana aiki ƙwarai, kuma shi ke barin shan inna ya ci gaba da yawo a Sakkwato.

Abin da muke nema daga yaron kashinsa ne kawai. Sau biyu, tsakaninsu aƙalla awa 24, kowanne kamar girman babban yatsa, wajen giram 8. Dole a ɗauka cikin kwana 14 daga ranar da gaɓar ta saki, domin a lokacin ne ƙwayar cutar ke fita da yawa. Bayan nan tana raguwa, sai gwaji ya ce babu alhali akwai.

Kun san me ake yi da kashin nan? Ana kai shi ɗakin gwaji, Nijeriya na da irinsu a Ibadan da Maiduguri. In an sami ƙwayar, sai a karanta rubutun halittarta, wanda bai wuce haruffa 7,500 ba. Akwai wani yanki nasa mai haruffa kusan 900, ana ce masa VP1, shi aka fi dubawa. Kwamfuta na jera haruffan ƙwayar yaronku layi ɗaya, ta jera na ƙwayoyin da aka samu a wasu garuruwa da magudanan ruwa a ƙarƙashinsa, ta ƙidaya inda suka saɓa. Daga nan ta zana salsala, kamar yadda dattijo ke jero wa ya haifi wa. Ƙwayar na canza kusan harafi ɗaya cikin ɗari duk shekara, wato wajen tara a wannan yanki. Saboda haka in an ga ta saɓa da 'yar'uwarta mafi kusa da haruffa 14 ko fiye, an san ta yi shekara da rabi tana bin cikin yara ba wanda ya kama ta. Irinta ake kira marainiya, kuma duk marainiya alama ce cewa akwai inda sa ido ya gaza, wataƙila an ɓoye yaro ko an makara.

Haka ta faru a Borno a 2016. Ana ganin an gama da cutar, sai ga ƙwaya ta ɓullo, da aka kwatanta haruffanta aka tarar jinin wadda aka gani tun 2011 ce. Shekara biyar tana ɓoye! A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, amma wadda ta rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi, nau'i na biyu, tana nan inda yara ba su cika rigakafi ba. Ita ma da ƙidayar haruffa ake gane ta: in shida suka canza daga na ƙwayar rigakafin, ta zama abin tsoro.

To ku faɗa mini, kwamfuta za ta kwatanta abin da ba a kawo mata ba? Yaron da aka ɓoye a ɗaki, ƙwayarsa na fita a kashi, tana bin hannu da ruwa da kwanon abinci zuwa yaran maƙwabta, yawancinsu ba za su nuna alamar komai ba. Baba mai unguwa, Malam wanzami, Inna ungozoma, ku ne aka fi fara kai wa yaran nan. Don Allah kada ku riƙe su. Ku yi addu'arku, amma a ranar a sanar da asibiti.

Abokan aiki, ku ma kuna da naku. Zafin Sakkwato a watan Afrilu ya kan haura digiri 40, kwalbar da aka bari a kan benci ta lalace. A sa ta cikin akwatin ƙanƙara, sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ta isa ɗakin gwaji cikin kwana uku. A rubuta ranar da gaɓar ta saki daidai, a rubuta sunan ƙauye da unguwa, domin in adireshi ya kauce, 'yan rigakafi wata unguwar za su nufa.

Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, hannu ko ƙafa ta saki masa farat ɗaya, a kai shi asibiti mafi kusa yau, ko a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ba a biyan ko kwabo. In har an makara, a zo duk da haka: za a ɗauki kashin yara uku da suke wasa tare da shi, a kuma dawo duba shi bayan kwana 60.