Ɗaurin talala: an sake ka, amma igiyar tana hannun kotu

Galibi muna jin "ɗaurin talala" a rediyo ne idan an hana wani shugaba da sojoji suka hamɓarar fita daga gidansa. A harabar kotu kuwa kalmar tana da wata ma'ana da ta fi shafar talaka. Alƙali ne yake ganin laifi ya tabbata a kan mutum, amma maimakon ya tura shi gidan yari sai ya sallame shi ya koma gida bisa sharuɗɗa, na wani lokaci ƙayyadadde, tare da jami'in da zai riƙa sa masa ido. Lauyoyi suna ce masa firobeshan. Duk mai kiwo ya san talala: doguwar igiya ce, dabba ta ci ciyawa ta sha iska, amma ba ta wuce inda igiyar ta tsaya ba.

Mutane suna haɗa shi da beli, alhali ba ɗaya ba ne. Beli ana bayar da shi ne tun shari'a tana gudana, ba a kai ga cewa ka yi ko ba ka yi ba. Haka nan ba afuwar gwamna ba ce, ba kuma sakin da ake yi wa fursunan da ya riga ya ci wani ɓangare na wa'adinsa ba ne. A ɗaurin talala an gama sauraron shari'a, hukunci kawai aka jingine, ana jiran a ga halinka.

Tsarin ya samo asali ne a birnin Boston na Amurka, inda a 1841 wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi amanar wani mashayi maimakon a ɗaure shi. Ingila ta yi masa doka a 1907. A Najeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ce ta shimfiɗa shi dalla-dalla, jihohi kuma suka yi tasu a kan salonta, har da Sakkwato. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, aka ɗora mata kula da masu hukuncin da ba na tsarewa ba. Bisa dokar tarayyar, lokacin talala ba ya wuce shekara 3, kuma alƙali yana duba shekarun mai laifi, da lafiyarsa, da tarihinsa, da girman laifin, da abin da ya kai shi ga aikatawa.

To me ya haɗa ɗaurin talala da laifin dukan mutum? Ai faɗa yana cikin abubuwan da suka fi kai mutumin kirki gaban alƙali a karon farko. Rikicin bashi a kasuwa, cacar baki tsakanin ɗan kabu-kabu da fasinja, rigimar iyakar gona da damina, musun ƙwallo a gidan kallo. Hannu ya riga hankali, sai ga mutum a caji ofis.

Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960 kuma dokokin jihohinmu suka tsiro daga gare ta, ta kasa abin hawa-hawa. Kai wa mutum hannu ko ji masa ciwo marar tsanani yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tara, ko duka biyun. Wanda ya yi wa wani mummunan rauni da gangan yana iya shan shekara 7, idan kuma da makami mai haɗari ya yi, har 14. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne me doka take kira mummunan rauni. Ba sai an cire hannu ko an tsiyaye ido ba. Karaya ko gocewar ƙashi tana ciki. Fitar haƙori ɗaya yana ciki. Tabon da zai ɓata fuska har abada yana ciki, haka ma ciwon da ya hana mutum harkokinsa na kwana 20. Naushi guda a baki ya isa ya ɗauke shari'a daga matakin farko zuwa na gaba. A kotun shari'ar Musulunci kuwa akwai ƙisasi da diyya, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce.

Saboda haka ba kowane mai duka ne zai sa ran talala ba. Wanda bai taɓa laifi ba, raunin da ya yi ƙarami ne, ya nuna nadama, ya biya kuɗin magani, shi ne ke da kyakkyawan zato. Wanda ya zaro wuƙa ko adda ya yi nisa da samun talala. Dokar tarayya ma ta fito fili ta hana jingine ɗauri ko sa aikin hidimar al'umma a laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da duk wanda hukuncinsa ya haura shekara 3. Ni ina ganin alheri a wannan tsari, domin saurayin da aka jefa cikin manyan ɓarayi saboda mari ɗaya ba lallai ya fito yadda ya shiga ba. Sai dai kada a manta da wanda aka daka. Kotu tana da ikon sa a biya shi diyyar asararsa, kuma talalar da aka yi ba tare da an share masa hawaye ba, a wurina adalcinta bai cika ba.

Inda abin ya fi yi mana tarko a Sakkwato shi ne tafiya. Mu a nan, garin Ƙonni da ke Nijar ba ya yi mana kama da ƙasar waje. Mutum zai tashi da safe ya bi hanyar Illela, ya tsallaka ya yi cinikinsa ko ya halarci sunan ɗan ƙanwarsa, ya dawo kafin isha'i. Mutanen Gada da Tangaza da Sabon Birni, da yawansu dangi rabi nan rabi can. Amma a idon doka, da zarar ka taka ƙasar Nijar ka fita daga Najeriya, daidai da wanda ya hau jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya nufi Umara. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga da fita, amma shi kansa sashen ya yarda a taƙaita zirga-zirgar wanda ya aikata laifi ko ake zarginsa, don kada ya bar ƙasar.

Ba kowace takardar talala ce take ambaton tafiya da suna ba, shi ya sa dole a karanta ta layi-layi, wanda bai iya ba ya sa lauya ko magatakardar kotu ya fassara masa. Wata za ta ce ka zauna a adireshi kaza. Wata za ta ce ka riƙa kai kanka wurin jami'i a ranaku kaza. Wani lokaci a karɓe fasfo. Ko da babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka riga ka sa hannu cewa za ka bayyana duk ranar da kotu ta neme ka. Idan aka aiko kana Yamai ko Makka, an karya sharaɗi, alƙali yana iya ba da sammacin kama ka, ya yanke maka hukuncin laifin farko da ya jingine. Kawunka ko maigidanka da ya tsaya maka shi ma kuɗin da ya yi alkawari suna iya salwanta, ga kunyar da ka ja masa.

Hanyar da ta dace ita ce a nemi izini tun kafin a biya kuɗin kujera ko a sayi tikiti. A sanar da jami'in da ke kula da mutum, lauya ya shigar da roƙo gaban kotun da ta yi hukuncin, a faɗi inda za a je, da dalili, da ranar dawowa, a kawo shaida idan jinya ce ko karatu. Izinin ya zama a rubuce, domin "ai na gaya wa oga da baki" ba ya tsayawa gaban alƙali. Kuma yardar kotu ba ita ce yardar ƙasar da za a je ba. Takardun neman bizar Amurka da Ingila suna tambaya ko an taɓa samun mutum da laifi, ta Amurka ma har kamu take tambaya, kuma wanda aka gano ya ɓoye gaskiya yana iya rasa bizar, a kuma hana shi wata nan gaba.