Komawa ƙaramin aiki bayan rage ma'aikata

Komawa ƙaramin aiki bayan rage ma'aikata hali ne da ma'aikaci yake shiga idan an sallame shi ba don ya yi laifi ba, sannan ya karɓi aikin da bai kai na da ba, ko a albashi, ko a muƙami, ko a daraja a idon jama'a. A Sakkwato akan ce "ragi ya rutsa da shi", in kuma ya sami wani abin yi a ce "yana maneji kafin Allah ya kawo mafita". Kalmar maneji ɗin nan tana nuna yadda ake ɗaukar lamarin: zango ne, ba masauki ba, ko da kuwa wasu sukan shekara goma a zangon.

Matsayin doka

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974, ya fassara rage ma'aikata da rasa aiki na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun fi aikin yawa. Sashen ya ɗora wa mai ma'aikata abubuwa uku: ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, ya fara sallamar wanda ya zo daga baya kafin wanda ya daɗe (tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana), sannan ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadin kuɗin ba, wannan ya sa abin da mutum zai fita da shi ya dogara ga takardar ɗaukarsa aiki ko yarjejeniyar ƙungiyarsa.

Wa'adin sanarwa yana sashe na 11: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da manyan ƙwararru ba, wato manajan banki ko akanta ba zai jingina da waɗannan sassa kai tsaye ba. Ƙarar irin wannan rikici tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Sakkwato.

Tarihi

Kafin tsakiyar shekarun 1970, wanda ya shiga aikin gwamnati ko na En'e a ƙasar Sakkwato yakan ɗauka ya shiga ke nan sai tsufa. Kwamitin Udoji na 1974 ya jera ma'aikata a matakin albashi daga 01 zuwa 17, tun daga nan kuma "mataki na nawa yake?" ya zama ma'aunin mutum har a wajen neman aure. Shekara guda bayan haka gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000 a faɗin ƙasa, da yawansu ta sanarwar rediyo, kuma nan take. Wannan ba ragi ba ne a ma'anar doka, domin an kafa hujja da almundahana da tsufa da rashin lafiya da lalaci, amma shi ne karon farko da jama'a suka ga babban ma'aikaci ya wayi gari ba ofis, ba gidan gwamnati, ba mota. An sake wani zagayen a 1984 zamanin Janar Buhari, lokacin da kuɗin mai ya ja baya.

Shirin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, ya kuma buɗe ƙofar sayar da kamfanonin gwamnati. A wajejen wannan lokaci ne aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, don koyar da sana'o'in hannu. Ana danganta yaɗuwar kabu-kabu a garuruwan Arewa da waɗannan shekaru, kodayake da wuya a tsayar da shekarar da ta fara a Sakkwato. Abin lura shi ne ba waɗanda aka sallama kaɗai suka hau babur ba. Har ma'aikatan da ke bakin aiki sukan fita da shi bayan an tashi daga ofis, wasu da rawani a fuska don ƙura, wasu don kada a gane su.

Rufe masaƙun Kaduna, KTL a 2002 da UNTL a 2007, ya maido da mutane da dama garuruwansu na asali, ciki har da na Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Tsarin mayar da alawus kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003 ya raba direbobi da masu dafa abinci da masu shara da masu gadi da aikin gwamnatin tarayya, aka miƙa ayyukan ga 'yan kwangila. Wasu daga cikinsu sun dawo ƙofar da suka saba tsarewa, da wani yunifom, a ƙarƙashin kamfani, ba fansho. Haɗe bankuna a 2005, lokacin da Babban Banki ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 25 har bankuna 89 suka koma 25, ya haifar da rufe rassa da sallamar ma'aikata, haka ma garambawul ɗin bankuna na 2009. A watan Nuwamba 2013 aka fara miƙa rarraba wutar lantarki ga 'yan kasuwa, kamfanin Kaduna da Sakkwato take ƙarƙashinsa kuwa sai a 2014, aka biya tsofaffin ma'aikatan PHCN, kamfanin wutar lantarki na gwamnati, kuɗin sallama, aka riƙe wasu a kwantiragin wucin gadi.

Gado da haye

Darajar aiki a ƙasar Hausa ta girmi takardar albashi. Tsohon tsari ya fifita sarauta da malanta da fatauci, ya bar fawa da roƙo da dako a ƙasa, ya kuma raba sana'a gida biyu: ta gado da ta haye. Wannan rabon yana aiki har yau. Ma'aikacin da aka sallama ya koma jima ko dukanci ko ƙira ta gidansu ba a cewa ya faɗi, cewa ake ya koma gida. Amma ɗan malamai da ya shiga dako a Kasuwar Kara, ko kabu-kabu a unguwar da ya tashi, magana takan biyo baya. Shi ya sa da yawa suke zaɓar su yi ƙaramin aikin a wani gari, abin da ya dace da tsohuwar al'adar cin rani da aka san mutanen lardin Sakkwato da ita tun zamanin Turawa.

A ɗaya gefen kuma akwai koyarwar addini mai ƙarfi. Malamai sukan kawo hadisin da ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yi itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane, ana kuma ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa yakan tufka igiya don abin masarufinsa. Karin magana ma ta goyi bayan haka: girman kai rawanin tsiya, da babu gara ba daɗi. Baki yana yabon mai neman na kansa, amma wurin zama a ɗaurin aure yakan nuna wani lissafin daban.

Ayyukan da aka fi komawa

Koyarwa a makarantun kuɗi ita ce ƙofa mafi kusa ga mai digiri. Albashin wasu makarantun bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, wasu kuma ba sa biyan watan hutu. Wanda bai karanci koyarwa ba yana buƙatar difloma ta koyarwa, PGDE, da rajistar hukumar rajistar malamai, TRCN, kafin a ƙidaya shi malami cikakke, in ba haka ba shekarun da ya yi a aji ba sa ƙara masa nauyi wajen neman aikin gwamnati.

Keke Napep da kabu-kabu iri biyu ne. Ko mutum ya saya da kuɗin sallamarsa, ko ya karɓa a hannun mai shi yana kawo balas kullum ko duk mako, wani lokaci da sharaɗin in ya cika adadi abin hawan ya zama nasa. Inda lissafi yake ɓaci shi ne sabon shiga yakan ƙidaya abin da ya shigo aljihu a matsayin riba, bai cire mai da baƙin mai da taya da tikitin ƙungiya da ranakun da inji yake gareji ba. Tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan giɓi ya ƙara faɗi.

Tsofaffin ma'aikatan banki sun fi karkata ga sana'ar POS, domin sun san lissafin kuɗi. Jarin juyawa shi ne ginshiƙinta, hasararta kuma tana zuwa ta alat na bogi, da cirar kuɗin da ba ta shiga ba, da yaron da aka bar wa shago. Masu shiga harkar albasa suna saye lokacin kaka su adana a rudu, wato ma'ajiyar albasa, su jira farashi ya hau, amma albasar da aka cire ba ta gama bushewa ba, ko aka cika mata taki, takan ruɓe ta kuma rage nauyi kafin kasuwa ta buɗe. Akwai kuma gadi, da tsaron shago, da dillanci, da aikin wucin gadi na ƙidaya ko rigakafi.

Yadda masu ɗaukar aiki suke kallonsa

Abu na farko da ake dubawa shi ne kalmar da ke cikin takardar sallama. Ragi daban, kora daban. Wanda aka kora daga aikin gwamnati bisa laifi ba a sake ɗaukarsa sai da amincewar hukumar kula da ma'aikata, wanda ragi ya shafa kuwa ba shi da wannan tabo. Takardar da ta ce kawai "ba a buƙatar aikinka" tana barin ƙofar zato a buɗe, don haka masana harkar ƙwadago suke ba da shawarar a nemi a rubuta dalilin ƙarara tun kafin a sa hannu a karɓi kuɗin sallama. Rufe ma'aikata gaba ɗaya ya fi sauƙin bayani a kan a ce an zaɓi mutum uku cikin talatin, domin a na biyun mai tambaya zai so ya san me ya sa aka zaɓe shi.

Mai ƙaramar ma'aikata yana da nasa tsoron. Yana ganin wanda ya fi ƙarfin aikin zai tafi da zarar ya sami wani, bayan an gama koya masa. Akwai kuma nauyin girma. Mai makaranta ɗan shekara talatin da biyar da ya ɗauki tsohon manajan banki a matsayin mai karɓar kuɗin makaranta yakan ci gaba da kiransa "Manaja" ko "Baba", yana jin nauyin ya aike shi, in ya makara kuma ya rasa bakin yi masa faɗa. Tambayar da aka saba ji a wajen ganawa ita ce, "Yallaɓai, anya za ka iya da ɗan albashinmu?" Saboda wannan wasu suke ɓoye digiri na biyu, su gabatar da difloma kaɗai. Dabarar tana da haɗari, domin in an gano daga baya ana iya ɗaukarta ƙarya a takarda.

Idan mutum ya zo komawa babban aiki, manyan ma'aikatu suna duba kusancin abin da ya yi da fanninsa. Akantan da ya riƙe littafin kuɗin wani ɗan kasuwa a Babbar Kasuwa yana da abin faɗa, wanda ya yi shekara uku a kan keke kuwa sai an gwada ko hannunsa bai kwanta ba. Ana kuma yawan neman takardar albashin ƙarshe, sai a gina tayi a kan ƙaramin albashin maimakon na da. Iyakar shekaru da ake sa wa a tallar aiki tana rufe wa mai shekara arba'in ƙofar matakin farko. A kasuwa da ƙananan kamfanoni na Sakkwato duk wannan bai kai nauyin wanda ya tsaya wa mutum ba: ɗan kasuwa ya fi yarda da shaidar limamin unguwa ko abokin cinikinsa a kan kowace takarda, kuma ganin mutum yana fita neman na kansa yakan zame masa shaidar kirki.

Binciken ƙasashen waje

An yi gwaje-gwaje a Amurka ta hanyar aika takardun neman aiki na ƙirƙira a ga wanda za a kira. Masu bincike Kroft da Lange da Notowidigdo a 2013 sun gano kira yana raguwa yayin da zaman rashin aiki yake tsawo, musamman a watanni takwas na farko. Farber da Silverman da von Wachter kuma sun gano cewa rubuta ƙaramin aikin riƙon ƙwarya a takarda yana rage kira. Ana saɓani kan ko sakamakon ya shafi wuraren da ake ɗaukar aiki ta hanyar sanayya.

Fansho

Dokar Fansho ta 2014 ta sa mai ma'aikata ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Asusun da lambarsa suna bin mutum duk inda ya koma, ba a buɗe sabo. Wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun ba. Ana neman takardar sallama, da shaidar haihuwa, da takardar albashi, da tabbacin cewa tsohuwar ma'aikata ta zuba duk abin da ta cire. A nan ne aka fi samun tsaiko, domin sau da yawa sai lokacin ne ma'aikaci yake gano an yi watanni ana cira ba a zubawa. Wanda ya karɓi ƙaramin aiki mai zubin fansho kafin wata huɗun su cika ya fita daga wannan sharaɗi. A 2019 an ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho don masu sana'ar kansu.

Mata

Matan da ragi ya shafa sun fi komawa sana'ar cikin gida, kamar ɗinki da abincin sayarwa da dillancin atamfa ta WhatsApp, kuma jari yakan fito ne daga adashi.