Me ya sa allura ta daina ci a jikin dabbobinmu?

Duk wanda ya saba shiga kara a nan Legas, ta Agege ce ko Alaba Rago, ya san abin da ke biyo bayan isowar tirela daga Arewa. Shanu sun kwana biyu ko uku a tsaye, sun galabaita. Kafin a gama sauke su an fito da kwalbar allurar nan da ake kira LA, wato antibayotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai daɗewa a jiki, ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Mai tari a yi masa, wanda gajiya ce kawai ke damunsa a yi masa, lafiyayye ma a yi masa wai don rigakafi.

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, kuma abin nan yana damuna ƙwarai. Kwanan baya wani dattijon dillali ya tare ni ya ce, "Likita, maganin yanzu duk ruwa ne. Da can allura ɗaya ke tayar da sa, yanzu sai ka yi uku bai motsa ba." Na ce, "Baba, akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma ko na gasken ne, cutar ta fara sabawa da shi."

Ƙwayoyin cutar da ke jikin dabba miliyoyi ne, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. In an ba da magani daidai nauyin dabbar, aka cika kwanakinsa, sai ya gama da su. In kuwa an tsakura don kwalba ɗaya ta wadaci garke, ko aka dakata ranar da sa ya fara cin dusa, raunanan ne za su mutu, masu taurin su rage su hayayyafa. Jikokinsu ne allura ba ta ci a kansu. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, ya yi wannan gargaɗin tun 1945, cewa ba da magani ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayar cuta jure shi.

Kuma ba kowace cuta ce LA ke magani ba. Ciwon baki da kofato na shanu, da annobar nan mai sa awaki da tumaki majina da zawo, ƙwayar bairas ce ke kawo su, antibayotik ba ya kashe ta. Garkuwarsu rigakafi ne, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take haɗawa. Sammore ma abin dubawa ne. Cikin magungunansa, Berenil ya fito a 1955, Samorin ya biyo baya da 'yan shekaru, har yau kusan su muke juyawa, kuma bincike a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, ya nuna cutar ta fara jure su. In suka ƙare mana, me za mu ɗauko?

Bari in ɗan daɗe a kan dawaki, don 'yan'uwanmu ne ke riƙe da yawancin bargogin garin nan, daga na 'yan folo a Ikoyi zuwa dawakin haya na bakin teku a Lekki. Mai doki yana son dokinsa, son nan ne ma ke sa wani ya riƙa ɗura masa maganin tsutsar ciki duk wata. Alhali manyan dangogin maganin tsutsar doki uku ne kacal. Albendazol da fenbendazol 'yan gida ɗaya ne, wanda ya bar wannan ya koma wancan kwali kawai ya canza, kuma ƙananan tsutsotsin hanjin doki sun daɗe da jure wannan dangi a ƙasashe da yawa. Ibamektin, da ya shigo kasuwa a 1981, shi ma a 2002 aka ba da rahoto daga Holan cewa doguwar tsutsar nan ta 'ya'yan dawaki ta fara fin ƙarfinsa.

Shawarar masu bincike yanzu ita ce a auna kafin a ɗura. A kai kashin doki ɗakin gwaji a ƙirga ƙwan tsutsa ta madubin likita. Sau da yawa za ka tarar dawaki kaɗan ne a barga ke zubar da mafi yawan ƙwan, su za a fi mai da hankali a kai. Bayan kwana 14 da ba da magani a sake ƙirgawa. In ƙwan bai ragu sosai ba, maganin ya daina aiki a bargarka. Kwashe kashi aƙalla sau biyu a mako yana rage tsutsa ba tare da ka sayi komai ba. Mai raguna kuma ya riƙa jan fatar idon rago ta ƙasa yana dubawa: in ja ce, da jininsa, in ta yi fari fat, tsutsa mai shan jini ce ake zargi, shi za a fara nuna wa likita.

Maganar ba ta tsaya a kara ba. Kowace kwalba tana da kwanakin jira a rubuce, kafin a yanka dabba ko a sha nononta, na wasu allurai har sati uku ko huɗu. Bijimin da aka yi wa allura yau, mahauci ya yanka gobe, namansa na ɗauke da ragowar magani, kuma gashi ko tafasa ba lallai su kawar da shi ba. Tsiren nan mu da 'ya'yanmu ke ci. An ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka fi ƙarfin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi muni.

Roƙona ga dillalai, dabbar da ta sauka a gajiye a fara ba ta ruwa da inuwa da hutu, a ware wadda ba ta da lafiya a kira likita. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada a bar kwalba a rana. Wadda aka yi wa allura a shafa mata fenti a gadon baya, a rubuta ranar. Kai kuma mai sayen ragon layya, kafin ka biya, tambayi dillali yaushe aka yi masa allurar ƙarshe, kuma wace iri ce.