Ruwa zalla ake zubawa a na'urar danshin ɗaki

Idan hunturu ya kankama, leɓe ya tsage, hancin yara ya bushe har ya yi haɓo, wasu iyaye a birane kan sayi 'yar na'urar nan mai fesa danshi a ɗaki. Na'urar ba ta da laifi. Abin da ke tayar min da hankali shi ne abin da ake ɗigawa cikin ruwanta, wani ya ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta, wata kuma turare don ɗaki ya yi ƙamshi.

A Koriya ta Kudu an ga ƙarshen wannan. Daga 1994 aka riƙa sayar da wani ruwan magani na musamman da ake zubawa a tankin na'urar don kada ta tara ƙwayoyin cuta, har wasu kwalaben ɗauke da rubutun cewa ba ya cutar da yara. Daga 2006 likitocin yara suka lura ana kawo musu ƙanana da wani ciwon huhu da ba ya jin magani, kowace shekara a ƙarshen sanyi. Sai a 2011, da mata masu juna biyu da masu jego suka fara mutuwa a wani asibitin Seoul, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano tushen abin, aka janye kayan daga kasuwa a watan Nuwamba. Daga nan sababbin masu kamuwa suka ɗauke. Mutum fiye da 1,000 sun rasu, an kuma ɗaure tsohon shugaban kamfanin Oxy, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka sayar da maganin, a 2017.

Sinadaran da ke cikin maganin, irin su PHMG da PGH, ana amfani da su a kayan goge-goge, shi ya sa ba wanda ya zarge su. Amma fata daban, huhu daban. Na'urar tana farfasa ruwa ya zama hazo, duk abin da ke cikinsa ya bi iska har can ƙuryar huhu. Jariri na kwance kusa da ita, an rufe ƙofa da taga saboda sanyi, yana shaƙa dare bayan dare. Huhun ya kumbura, ya yi tabo, ya taurare, tabon kuwa ba ya gogewa. Iyayen nan tsafta suke nema wa 'ya'yansu, abin tausayi ke nan.

Iyaye mata, don Allah ruwa mai tsafta kaɗai. A zubar da na jiya kullum, a wanke tankin, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe kafin a sake cikawa. Kada a ajiye na'urar daf da kan yaro, a kuma bar iska ta riƙa shiga ɗakin.

Yaron da ke tari ba ƙaƙƙautawa, ko numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja iska, a kashe na'urar a garzaya da shi asibiti. A tafi da kwalbar abin da aka zuba, a nuna wa likita.