Hanyar Alfadarai ta Kwarin Cuyahoga

Hanyar Alfadarai ta Kwarin Cuyahoga hanyar keke ce da ta masu tafiya a ƙafa, mai tsawon kusan kilomita 32, da ta ratsa Gandun Daji na Ƙasa na Kwarin Cuyahoga a jihar Ohio ta Amurka, tsakanin biranen Cleveland da Akron. Tana bin gaɓar tsohon mashigin ruwan Ohio da Erie, inda a da alfadarai da dawakai suke tafe suna jan jiragen kaya da igiya.

An fara haƙa mashigin a 1825, aka buɗe sashen Cleveland zuwa Akron a 1827, aka gama duka a 1832. Tsawonsa ya kai kusan kilomita 496, daga Tafkin Erie zuwa garin Portsmouth da ke bakin Kogin Ohio. Da hannu aka haƙa shi, da diga da shebur, kuma da yawa daga leburorin baƙi ne daga Ireland da Jamus, waɗanda zazzaɓin fadama ya yi wa ɓarna. Yara da samari su ne ke korar alfadarai a gaɓa. Cikinsu har da James Garfield, wanda ya yi wannan aiki a mashigan Ohio yana saurayi kafin ya zama shugaban Amurka. Zuwan jirgin ƙasa ya kashe wa mashigin kasuwa, ambaliyar 1913 kuma ta ƙarasa shi.

Abin da ya sa hanyar ke da daɗin keke shi ne asalinta. Ruwan mashigi ba ya hawa tudu, alfadari mai jan kaya kuwa ba ya son gangara, don haka aka shimfiɗa gaɓar kusan bai ɗaya. Inda ƙasa ta yi tsawo sai a gina ɗakin ruwa na dutse mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa har ya ɗaga shi, sannan a buɗe ta gaba. Irin waɗannan ɗakuna 44 ne ke ɗaga jirage tsakanin Cleveland da Akron. Katangun wasu suna nan har yau, gansakuka ta lulluɓe su. A na 38 akwai cibiyar baƙi da ke bayanin yadda aikin yake, na 28 kuwa shi ne mafi zurfi.

Yawancin hanyar niƙaƙƙen dutse ne da aka danne, wasu wurare kwalta ko katako, saboda haka ko keken gida ya isa. Matafiya da mota sun fi yada zango a ƙauyen Peninsula, inda ake hayar keke. Gandun ba ya karɓar kuɗin shiga, kuma manyan tituna sun ratsa ta samansa, shi ya sa masu doguwar tafiya kan tsaya su yi rabin yini. A lokutan da jirgin ƙasan yawon buɗe ido yake aiki, mutum na iya tuƙawa ya je, ya dawo a jirgi da kekensa. A tasha sai ya ɗaga hannu biyu sama yana kaɗawa don direba ya tsaya.

Wurin da ya fi cancantar a sauka daga keke shi ne fadamar da ke kudancin gandun. A da juji ne na matattun motoci. Bayan an kwashe tarkacen, dabbobin biba, masu tare ruwa da itace, suka mayar da wurin fadama, yanzu ga kunkuru ga zalɓe, an kuma yi gadar katako a kai. Shi kansa Kogin Cuyahoga ya taɓa kamawa da wuta a Cleveland a 1969 saboda ƙazantar masana'antu. An keɓe kwarin a matsayin wurin shaƙatawa na ƙasa a 1974, ya zama cikakken gandun ƙasa a 2000.