Soyayya da tsiraici a fina-finan jirgin Bounty

Bounty jirgin ruwa ne na rundunar sojan ruwan Ingila, wanda wasu ma'aikatansa suka yi wa kyaftin ɗinsu William Bligh bore a tekun Fasifik ranar 28 ga Afrilu 1789. An sha mayar da labarin fim, kuma alaƙar matuƙan da matan tsibirin Tahiti tana cikin abubuwan da suka jawo magana a kan fina-finan.

Asalin labarin

Jirgin ya bar Ingila a Disambar 1787 don ɗauko dashen wata bishiya mai 'ya'ya masu ƙosarwa, da nufin ciyar da bayi a tsibiran Karebiya. Ya isa Tahiti a Oktobar 1788, ya yi kimanin wata biyar. A wannan zama da yawa cikin matuƙan suka shaƙu da matan garin, har da Fletcher Christian, wanda daga baya ya jagoranci boren. Bligh ya ɗora laifin a kan sha'awar mata da jin daɗin tsibirin. Wasu masana tarihi sun fi zargin kaifin harshensa.

Abin da fina-finan ba su cika tsayawa a kai ba shi ne makomar matan. Da Christian ya bar Tahiti a karo na ƙarshe, a Satumbar 1789, ya tashi da dare da mata a cikin jirgin, yawancinsu ba da yardarsu ba. A Janairun 1790 suka sauka a tsibirin Pitcairn: Turawa 9, mazan tsibiran 6, mata 11 ko 12. Rikici kan mata da gonaki ya sa mazan suka karkashe juna. Lokacin da jirgin Amurka mai suna Topaz ya gano wurin a 1808, John Adams kaɗai ya rage cikin Turawan. Matan nan su suka riƙe gidaje, suka yi renon yara, suka ci gaba da buga tufar ɓawon itace irin ta gida, kuma zuriyarsu na nan har yau.

A cikin fina-finai

Na 1935, wanda Clark Gable ya fito a matsayin Christian, an yi shi ne bayan Hollywood ta tsaurara dokar tace fina-finai a 1934, don haka soyayyar ta tsaya ga kallo, furanni da runguma. Ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim. A na 1962 an ƙara rawa da bayyana jiki, kuma Marlon Brando, wanda ya fito a matsayin Christian, ya auri Tarita a zahiri, wadda ta fito a matsayin masoyiyarsa a fim ɗin. Na 1984, mai Mel Gibson da Anthony Hopkins, ya nuna matan ƙirji a buɗe, zane ɗaure a ƙugu. Masu kare shi suna cewa shigar zamanin ke nan, masu suka suna cewa an nuna jikin matan an hana su baki.

A Sakkwato

Irin waɗannan fina-finai sukan isa ga mutane ta tauraron ɗan'adam da masu tura fim a waya, wani lokaci ba tare da tacewa ba. A gidaje da dama, in an zo wurin tsiraici, babba ne ke riƙe da rimot, ya wuce wurin ko ya sallami yara.