Waiwaye: 'Yan Sikawut a Najeriya

Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a shekarun 1970 da 1980 ya san su: gajeren wando, ƙyalle a wuya, usur a aljihu, kuma ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba da wuya a yi fareti babu su.

Tushen abin na wani hafsan sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell. A 1907 ya kwashi yara kimanin 20 zuwa tsibirin Brownsea, ya koya musu kafa tanti, bin sawu da hura wuta a daji. Sai dai tun kafin nan ya san Afirka ta Yamma, kuma da bindiga ya santa, domin yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 ta kama Sarkin Asante, Prempeh. Daga can ne, in ji masu ba da labari, ya samo gaisuwar nan ta hannun hagu da 'yan Sikawut ke yi: wai jarumi sai ya ajiye garkuwarsa kafin ya miƙa hagu, alamar ya amince da kai ke nan. Ka tuna yaron da aka rene shi a kan cewa miƙa hagu rashin ladabi ne, ka ga aikin da ke gaban malaminsa.

Ƙungiyar ta iso Najeriya a 1915, shekara guda bayan haɗe Kudu da Arewa, a matsayin reshen ta Ingila. Alkawarin da yara ke ɗauka a lokacin ga Allah ne da Sarkin Ingila. Ta makarantun boko ta bi ta yaɗu, shi ya sa ta riga yin ƙarfi a Kudu. A 1961, bayan samun 'yancin kai, Najeriya ta shiga ƙungiyar Sikawut ta duniya da ƙafarta, a 1977 kuma tsaunukan Shere da ke kusa da Jos suka karɓi babban zangon 'yan Sikawut na Afirka na farko.

A ganina, makarantar da ta raine ta ita ce kuma ta raunana ta. Kusan kowace runduna a wuyan malami ɗaya mai sha'awa take rataye. In aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Da makarantun gwamnati suka cika maƙil, albashi ya kasa, wa zai ba da Asabar ɗinsa kyauta don koya wa yara ƙullin igiya?

Ƙungiyar na nan, har da 'yan mata a cikinta yanzu. Amma a Arewa kaki da usur sun fi yawa a wasu hannuwan. Je ka filin idi ko wurin tafsirin azumi: masu tsara sahu, masu ba motoci hannu, masu ɗaukar wanda ya suma, galibinsu 'yan agajin Jama'atu, Fityanu ko Izala ne.